Mage a Ƙarƙashin Tebur

Shekara talatin da ɗaya yana aiki a maɗaba'a, amma ba a taɓa ganin ɗigon tawada a hannunsa ba. Mai inji ko da kananzir ya wanke hannu sai ka ga baƙi a gefen farcensa. Mai ɗaurin littafi har a goshi take samun tabo. Shi kansa manaja, da aikinsa bai wuce zagaye da waya a kunne ba, hannun rigarsa na faɗin inda yake wuni. Shi kuwa, mai gyaran rubutu, tafinsa fes, kamar na likita. Babu wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Sai ka zauna kusa da shi, ka yi shiru kana kallo, za ka gane ba tsafta ce kawai ba. In aka miƙo masa shafin da bai gama bushewa ba, da bakin rula yake jawo shi. In aka kawo masa takardar sa hannu da shuɗin biro, sai ya ce a ajiye, ya tashi ya je neman baƙi.

Jan Fensir suke kiransa a wurin aiki, don da shi yake farautar kurakurai. Teburinsa na can lungu, gefen tagar da ba ta kallon komai sai bangon shagon mai facin taya. Duk abin da za a buga sai ya bi ta gabansa: kalanda, takardun jarrabawa, littafin koyon tuƙi, 'yar takardar nan da ake naɗewa a cusa cikin kwalin magani. Yana karatu da rula a ƙarƙashin layi, leɓɓansa na motsi. Ya taɓa tsayar da inji ana tsaka da aiki saboda waƙafi guda, manaja ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwarsa.

Kaɗan ne a maɗaba'ar suka san yana rubuta waƙa, waɗanda suka sani ma ba su ɗauke ta da muhimmanci ba. Mai inji kan ce, "Sha'irin gidanmu, a yi wa injin nan baiti ɗaya mana, ko ya ji kunya ya daina cin takarda." Littattafansa uku ne, sirara. Biyu daga ciki sun fi yawa a ƙarƙashin gadonsa fiye da a kasuwa. Na ukun ne ya yi tafiya: waƙoƙin yara guda bakwai, da aka ɗauka aka saka a littafin karatun firamare. Yara na rera su a hanyar makaranta, su wuce shi a titi ba su san shi ba, don ba yaron da ke karanta sunan da ke ƙasan shafi.

Yana da wata hanya ta aiki da ba ya faɗa wa kowa. Duk Laraba, lokacin hutun rana, yakan taka tituna huɗu zuwa shagon yayarsa, tela ce, ya zauna a kan benci ya karanta mata abin da ya rubuta a makon, ita kuma tana taka keke. A ƙarƙashin keken ɗinkin Innarsu ya girma, don haka awon waƙar da ke kunnensa na fedar keke ne. In baiti ya zauna daidai, ƙafar Yaya ba ta canza taku. In ya karkace, sai keken ya tsaya cak.

"Wannan ya yi ɗingishi, Auta. Sake."

Yana da shekara hamsin da bakwai, furfura ta cinye kansa, amma a shagon nan Auta ne. 'Ya'yanta sun sha kawo maganar keken lantarki tana ƙi. Shi bai taɓa sa baki ba, a ransa dai yana godiya.

Mutanen waƙoƙinsa duk daga layin da suka tashi ya kwaso su. Akwai wanzamin da ke i'ina in yana magana amma ba ya yi in yana waƙa. Akwai tsohuwar da ke musu da rediyo, in mai labarai ya faɗi abin da bai yi mata ba ta juya shi ya kalli bango. Akwai Babansu, direban babbar mota, da ke barci a zaune da takalmi a ƙafa. Yaya na gane su tun kafin ya kai baiti na biyu, ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge ido.

"Ka rage wa Baba tumbi. Tsoronsa kake ji har yanzu?"

Duk ya kai mata su, ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru. Bakwai ɗin nan na yara ne kawai bai taɓa kaiwa shagon ba.

Dalilin ya faro ne tun yana ɗan shekara bakwai, Yaya na da goma sha ɗaya. A shekarar ta zo ta ɗaya a ajinsu, aka ba ta kyautar alƙalami mai shan tawada da kwalba guda ta shuɗiyar tawada. Ta ja masa kunne: ko da ido kada ya taɓa. A makon kuma Inna ta samu aikin da ta daɗe tana nema, ɗinkin fararen riguna shida na ma'aikatan jinya na wani ƙaramin asibiti. Ranar da abin ya faru Inna ta fita sayen maɓallai. Ya ɗauko kwalbar ya shige ƙarƙashin teburin yanka, inda yake ɓuya kullum, ya yi ta zane a bayan kalanda. Da ya gaji ya miƙa hannu sama ya ajiye kwalbar a kan tebur, ba tare da ya rufe ba, ba tare da ya duba ba. Bai san akwai riga a shimfiɗe a wurin ba. Ya dai ji kwalbar ta kife, sannan ya ga shuɗi na ɗiga daga bakin tebur, ɗis, ɗis, a gaban yatsun ƙafarsa.

Yaya ce ta fara shigowa. Daga inda yake ƙafafunta kawai yake gani, suka tsaya, suka juya, suka ruga. Ta yi abin da yarinya mai hankali za ta yi, kuma shi ne ya ƙarasa rigar. Ta zuba mata ruwan zafi ta cuɗa, tabon ya bazu. Ta ɗora mata dutsen guga don ta bushe kafin Inna ta dawo, zafi ya dafa shuɗin cikin zare yadda ko sabulun duniya ba zai fitar ba. Da Inna ta shigo ta same ta tsaye, hannayenta shuɗi har wuyan hannu.

Sau ɗaya Inna ta tambaya. "Wa ya yi wannan?"

Yaya ta ɗan sunkuyar da kai, idonta ya faɗa cikin nasa a ƙarƙashin tebur, sannan ta ɗauke. Ba ta ce komai ba. Shi ma bai ce ba. Tawadarta ce, hannunta ne, me ya rage a tambaya? Yana nan a duƙe ya ji saukar rular katako, ya ƙirga har ya daina ƙirgawa.

Asibitin suka karɓe aikin, har da biyar ɗin da ba abin da ya same su. Inna ta ce, "Tunda kin ɓata, sai ki zauna a gida ki ga wahalar da ake sha kafin a yi." Da nufin zuwa ƙarshen zango ne kawai. Kafin zangon ya ƙare ƙafar Inna ta kumbura, aka ga ƙafar Yaya ta riga ta saba da feda, aka ce sai baɗi. Baɗin ta zo aka sake cewa baɗi. Alƙalamin kuwa Inna ta ba shi, ta ce shi da ke zuwa makaranta. Bai taɓa rubutu da shi ba.

Ba da niyya ya mai da abin waƙa ba, ko kuma haka ya daɗe yana gaya wa kansa. 'Yarsa ta fari ce ta kwanta zazzaɓi tana ƙin shan magani, ya rasa abin da zai sa ta dariya, sai ya ji bakinsa na cewa:

Mai Shuɗin Hannu ta taho,
Ku ɗauke fari, ku ɓoye sabo.
Ta taɓa riga, riga ta rine,
Ta taɓa bango, bango ya rine,
Mage a ƙarƙashin tebur, shiru.

Yarinyar ta ƙyalƙyale, ta buɗe baki aka ɗura maganin. Washegari ta ce a ƙara. Haka Mai Shuɗin Hannu ta yi ta ɓarna har waƙa bakwai: ta rina akuyar maƙwabta, ta rina gemun wanzami, ta gaisa da shugaban makaranta ya wuni yana ɓoye hannu a aljihu. Sakarya ce, mai rawar kai, ba ta jin magana, kuma kowace waƙa da magen nan take rufewa. Wata malama ta ji su a bakin yarinyar ta nemi a rubuta mata. Daga nan abin ya fi ƙarfinsa.

Ya ce wa kansa ai bai sa suna ba. Ya ce ai Yaya ba ta taɓa zama sakarya ba, don haka ba ita ba ce. Ya ce ai ba ta karanta komai sai littafin awo. Duk da haka, ranar da aka kawo masa shafukan a wurin aiki don ya duba kafin a buga, sai da ya fita bayan gini ya tsaya kusa da tarin tsofaffin tayoyi har mai faci ya tambaye shi ko lafiya.

Inna ta rasu shekara goma sha biyu da suka wuce. A jinyarta ta ƙarshe ya yi makonni yana zama a gefen gadonta, su biyu kawai wani lokacin, ɗakin shiru, ba abin da zai hana. In masu dubiya sun zo, Inna kan nuna Yaya da haɓa ta ce, "Wannan gwanar da kuke gani, da ɓarna ta fara." Sai a yi dariya. Shi ma yana yi.

Larabar da ake magana a kanta, ya fito da sabuwar waƙa a aljihu, kan mai facin taya da yadda yake sauraron tiyub cikin ruwa. A teburinsa kuma ya baro shafukan sabon bugun littafin firamaren, manaja na jiran su gobe da safe. Shagon Yaya ɗan siriri ne, tsakanin kantin magani da mai gyaran waya. Madubi mai tsaga a kusurwa, kalandar maɗaba'arsu a bango, ƙyallaye a buhu bayan ƙofa. Yana sa ƙafa ya ga farin yadi shimfiɗe a kan teburin yanka.

"Ka makara, Auta. Na ce ko waƙafi ne ya riƙe maka ƙafa."

"Ina wuni, Yaya. Ya gwiwar?"

"Tana inda ka bar ta. Kama min bakin yadin nan, kada ya ja ƙasa."

Ya kama da yatsu biyu. Ta ja alli, ta ɗauki almakashi.

"Na wa ne?" ya ce.

"Na Aku." Jikarta ke nan, 'yar babban ɗanta, mai shekara tara, wadda bakinta ya jawo mata sunan. "Ranar Asabar ake raba kyaututtuka a makarantarsu, za su yi wasa. Wai ita aka zaɓa Mai Shuɗin Hannu. Malamarsu ta aiko, farar riga, a yi mata tabo a gaba. Ka ji aiki. In ɗinka da hannuna, in ɓata da hannuna."

Almakashin na tafiya cikin yadin, ƙaras, ƙaras.

"Za ki je?"

"In ban je ba ai sai ta tashi unguwa da kuka. Kujerar gaba ta ce."

Ya koma kan benci. Ya ga Yaya a kujerar gaba, da mayafinta na fita, iyaye cike da zaure suna dariya, yarinya mai kama da ita sak tana ɗaga shuɗɗan hannaye. Kwana uku ya rage. Ya zaro takardarsa don ya samu abin riƙewa.

Ta zauna a keke, ta sa yadin ƙarƙashin allura, ta murza. "Bismilla. Me ka kawo?"

Ya fara karanta waƙar mai faci. A baiti na biyu ya tsallake layi, a na uku ya maimaita. Keken bai tsaya ba. Shi ne ya tsaya.

"Yaya."

"Ina ji."

"Waƙoƙin nan da Aku za ta yi. Ni na rubuta su."

"To."

"Yarinyar ciki…" Ya naɗe takardar, ya warware. "Ke ce. Wato ba ke ba ce, amma daga ke na ɗauko. Ranar rigar asibiti. Kuma ni na kifar da kwalbar, kin sani, na san kin sani, amma ban taɓa faɗa da bakina ba. Na bari aka doke ki, aka cire ki daga makaranta. Na bari Inna ta tafi ba ta sani ba. Sannan na zo na mai da ke abin dariyar yara."

Sai a nan ta cire ƙafa daga feda. A maƙwabta mai gyaran waya na gwada ƙarar wata waya, tana yi tana yankewa. Yaya ta ja aljihun keken, ta ciro wani abu ta jefa masa a cinya. Kunnuwa ne guda biyu na toka-tokan ƙyalle, a ɗinke a jikin roba.

"Na ƙawar Aku ne, ita za ta yi magen. Jiya na gama su." Ta gyara tabarau. "Auta, yaushe muka taɓa yin mage a gidanmu? Inna da ko ta maƙwabta ta gani sai ta bi ta da tsintsiya?"

Ya kalli kunnuwan.

"Shekara nawa yara ke shigo min shago da waƙar nan a baki? Uwa na gwada riga, ɗa na tsalle yana Mai Shuɗin Hannu ta taho. Ranar farko da na ji, allura ta shige min yatsa, ga tabon. Na ce wa yarinyar, sake faɗin ƙarshen. Ta ce mage a ƙarƙashin tebur, shiru. Na ce lallai, ga Auta can."

"Ba ki taɓa cewa komai ba."

"Kai ka ce? Duk Laraba ina cewa yau zai kawo. Ka kawo wanzami, ka kawo mai rediyo, har karen gidan mai wanki ka kawo min. Ni da ka tatsa fiye da kowa, ni ce ba a kawo wa ba."

"Kunya ce, Yaya."

"Kunya." Ta ja zaren da ya saura a bakin ɗinki ta cije. "Kunyar ba ta hana ka bugawa ba."

Ya ce shafukan sabon bugu na kan teburinsa, zai iya cire su duka bakwai, manaja ya yi abin da zai yi. Ya ce zai je ya ga malamar kafin Asabar.

"Ka je ka ce mata me? Yarinya ta yi wata guda tana hadda, ta hana kowa barci a gidan ubanta. Ka cire, ta zo ta zauna min a nan tana kuka? Kai dai ka iya neman sauƙi." Ta mai da yadin ƙarƙashin allura. "Karanto su. Ka haddace ai."

"Yanzu?"

"Sai baɗi?"

Kalmar ta same shi inda bai shirya ba. Ya duba fuskarta, ba ta kallonsa, ta riga ta murza keken.

Ya fara. Ya wuce ta farko, ya shiga ta biyu. Abin mamaki, suna hawa fedar lafiya lau, kamar da ma a nan aka haife su. A wurin gemun wanzami Yaya ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta maza ta haɗiye. Ta uku, ta huɗu. Ya shiga ta biyar, wadda Mai Shuɗin Hannu ke zama bayan ƙofa tana kuka, hawayenta na zuba shuɗi har suka rina tabarma.

Keken ya tsaya cak.

"Awon ne?" ya ce.

"Awo lafiyarsa lau. Ƙarya ce a ciki. Ban yi kuka ba."

"Yaya, waƙa ce, ba lallai…"

"Kana ƙarƙashin tebur, ƙafafuna kawai kake gani. Ka ji kukana?"

Ya koma ranar, ya saurara. Rula. Numfashin Inna. Ɗigar ruwa daga bakin tebur. Shekara hamsin yana jin kuka a wurin, yanzu ya nema ya rasa.

"Ban ji ba," ya ce.

"To. Kukanka ne ka ba ni." Ta ɗora hannu biyu a kan farin yadin ta lallashe shi. "Kuma tunda yau ranar faɗa ce, bari in ba ka naka. Ka taɓa tambayar kanka me ya kai rigar nan kan tebur? Inna a rataye ta bar su, duk shida, a bayan ƙofa."

Bai taɓa ba.

"Ni na sauko da ita. Inna na fita na saka, ta zo min har ƙasa, na naɗe hannu, na tsaya gaban madubi ina auna zafin jikin matashin kai. Na ji mai ruwa na buga ƙofa, na tuɓe na yar a tebur na fita. In na ce kai ne, sai ta ce me ya sauko da riga. Shi ya sa na yi shiru. Ba don kai kaɗai ba ne, kada ka je ka rubuta ni waliyyiya, wannan ma ƙarya ce."

"Aikin jinya kike so?"

"Yau ka tambaya."

Ta faɗe shi ba da ɗaci ba, kamar yadda take faɗa wa mai kaya cewa yadinsa bai kai ba. Wannan ya fi masa ciwo. Ya san yadda wanzami ke riƙe aska, ya san wace tasha tsohuwar nan ta fi tsana, ya san ƙamshin rigar Baba in ya dawo daga tafiya. Yayarsa kuwa, da yake zama gabanta duk mako, bai san abin da ta tsaya gaban madubi tana so ba.

"Ki yafe min, Yaya."

Wata mata ta leƙo ta tambayi ko siket ɗinta ya samu, Yaya ta ce gobe da yamma, matar ta ce haka aka ce mata jiya, Yaya ta ce to ai ba a canza magana ba. Matar ta tafi tana mita.

"Ban sani ba, Auta," ta ce. "Ban taɓa zama na duba ko na yafe ko ban yafe ba. Aiki ya yi yawa. Wata rana in ina yanka farin yadi sai in ji kamar in shaƙe ka. Wata ranar kuma in tuna idonka a ƙarƙashin teburin nan, kamar na ɗan tsako, in ce me yaro ɗan shekara bakwai ya sani. Na shekara bakwai ɗin ban riƙe shi ba. Na gefen gadon Inna ne ban san yadda zan yi da shi ba."

Ya sunkuyar da kai. Wannan babu jan fensirin da zai gyara shi, kuma ba ta yi kamar akwai ba.

"Ta kukan," ta ce, "Aku ta riga ta haddace, a bar ta ta yi abinta ranar Asabar. Amma na sabon bugun ka gyara. Ba aikinka ba ne? Ka sa ta yi wani abin. Ta wanke hannu, ta hau keke, ko me. Ka kawo Laraba in ji."

"Manaja gobe yake so."

"Kai da ka tsayar da inji saboda waƙafi?"

Ya yi wata dariya da ba ta fito duka ba.

"Kuma Asabar ɗin za ka zo. Kujerar gaba, gefena. In aka zo wurin mage ba na son in ga kana kallon takalminka."

"Zan zo."

"In Aku ta tambaye ka wace ce Mai Shuɗin Hannu, don sai ta tambaya, bakin nan nata ba ya hutawa, kai za ka amsa. Ni ba ruwana."

"Da magen?"

"Musamman magen."

Ta murza keke, zaren ya tsinke. Ta ja tsaki, ta lashi bakinsa, ta kai shi ga allura, ya wuce ta gefe. Ta sake, ya sake wucewa. Ta ɗaga tabarau sama, ta sauke. A gefen keken akwai ɗan ƙaramin matashin auduga da take soke allurorin hannu a jiki, duk babu zare ko ɗaya, ga kuma bakin riga da maɓallai na jiran ɗinkin hannu. Tun yaushe take wannan fama? Duk Laraba idonsa na kan takardarsa.

Lokacin hutu ya riga ya wuce. Ya tashi ya karɓi zaren daga hannunta, ya duƙa ya zura wa keken. Sannan ya jawo matashin, ya koma bakin ƙofa inda haske ya fi, ya zura farin zare a allura biyar, ya ƙulla bakin kowanne, ya soke su a jere inda hannunta zai kai.